Mamman Shata: Mai tallar alewa da ya mayar da kasuwa fadarsa

A bakin titin da ya ratsa Kakuri, daura da katangar ɗaya daga cikin masaƙun da suka daɗe da yin shiru, akwai wani mai shayi da nakan tsaya a wurinsa idan hanya ta bi da ni. Ba shi da rediyo irin ta da. Wata 'yar sifika ce mai cin memori yake ratayewa a jikin teburinsa, kuma daga asuba har hantsi da wuya ka ji wata murya ta fito daga cikinta in ba ta Alhaji Mamman Shata ba. Masu zama a bencinsa taron dangi ne: tsofaffin ma'aikatan masaƙa da ke jiran haƙƙinsu, direbobin a-daidaita-sahu, leburori, da ma'aikatan gwamnati masu sammakon tsallaka gada zuwa ofis. Akwai Bahaushe a cikinsu, akwai Bajju da Atyap, akwai Tibi da Idoma. Abin da ke ba ni mamaki kullum shi ne da zarar kalangu ya tashi, sai ka ji wanda Hausa ba harshen uwarsa ba ce ya riga kowa karɓar amshi. Da yawa daga cikin samarin da ke wurin ba a haife su ba lokacin da Shata ya rasu a 1999.

Mawaƙan Hausa na ƙarnin da ya wuce suna da yawa, kuma a cikinsu akwai waɗanda masana ke ganin sun fi Shata zurfin azanci da tsara magana. Amma ba kowa ne a cikinsu ya isa teburin mai shayi a Kakuri ba. Dalilin haka yana cikin irin rayuwar da mutumin ya zaɓa tun yana saurayi.

An haifi Muhammadu Shata a 1923 a Musawa, cikin ƙasar Katsina. Mahaifinsa Ibrahim Yaro da mahaifiyarsa Lariya duka Fulani ne, kuma babu makaɗi ko maroƙi a gidan. Wannan ba ƙaramin al'amari ba ne a ƙasar Hausa ta wancan zamani, inda sana'a gado ce. Ɗan maƙeri ƙira yake yi, ɗan mahauci fawa, ɗan makaɗi kuma tun yana ƙarami ake rataya masa ganga. Wanda ya shiga sana'ar da ba ta gidansu ba ana ce masa ɗan haye, kuma idan sana'ar kiɗa ce, to hayen ya zama abin kunya biyu, domin kiɗa a idon mutane roƙo ne. Ibrahim Yaro bai so ɗansa ya zama mawaƙi ba, kuma bai ɓoye ƙin nasa ba. Ya sa shi makarantar allo kamar sauran yara. Sunan Shata kuwa laƙabi ne da wani dattijo daga cikin danginsu, Baba Salamu, ya sa masa, sai ya bi shi har ya danne sunan yanka. Ƙanwarsa Yalwa ita ce wadda ya riƙa jingina kansa da sunanta a cikin waƙoƙinsa har tsufa, shi ya sa mutanen da ba su taɓa taka Musawa ba suka san da ita.

Kafin waƙa, talla ya yi. Ya sayar da goro, daga baya ya koma alewa. Duk wanda ya tashi a ƙauye ya san mai alewa ba ya shiga kasuwa bakinsa a rufe, da murya yake kiran yara da 'yan mata, kuma wanda muryarsa ta fi zaƙi shi ke fara karkaɗe faifansa. Da dare kuma, bayan an ci tuwo, samari kan haɗu a dandali su yi wasan asauwara, ana kiɗa ana waƙa ana rawa. A nan Shata ya fara, ba don a ba shi ko anini ba, har ya kere tsaransa, aka soma gayyatarsa zuwa dandalin ƙauyukan da ke kewaye. Tallar ba ta yi nisa ba. Waƙar ce ta cinye ta.

Kafin a gane abin da Shata ya yi, sai an dubi yadda duniyar makaɗa take a lokacin. Manyan mawaƙa na fada ne, kuma kowa da ubangidansa. Ibrahim Narambaɗa na Sarkin Gobir na Isa ne. Salihu Jankiɗi na fadar Sarkin Musulmi Abubakar na Uku ne. Sa'idu Faru ya yi fice da waƙoƙin Sarkin Kudu Muhammadu Macciɗo. Mamman Sarkin Taushi na fadar Katsina ne, taushin ma sarauta gare shi. Makaɗin fada yana da gata: sarki ke ciyar da shi, ya tufatar da shi, ya ba shi doki, wani lokaci har gona da gida. Amma gatan yana da igiya. Ba ya zuwa yawon kiɗa sai da izini, ba ya wasa talaka komai dukiyarsa, kuma idan ya yi zambo, to ɗan sarkin da ke ja da ubangidansa yake yi wa. Kayan kiɗan ma an raba su. Kotso da taushi da jauje na sarauta ne, tambari kuwa sai sarki. Kalangu yana can ƙasa: kiɗan mahauta ne a rumfar fawa, kiɗan 'yan mata ne a dandali, kiɗan biki da suna.

Wannan kalangun da ba ya shiga fada shi Shata ya ɗauka. Ganga ce mai siririn ƙugu da baki biyu, an ɗaure fatunta da tsarkiya, makaɗi ya saƙale ta a hammata, idan ya matsa sautin ya hau, idan ya saki ya sauka. Da yake Hausa harshe ne mai hawa da saukar murya, gwanin kalangu yana iya kiran sunan mutum da kirarinsa ba tare da ya buɗe baki ba. Shata shi kansa ba kiɗan yake yi ba. Yana tsaye ne a gaba yana jan waƙa, makaɗa da 'yan amshi suna bayansa, maroƙa na shelar abin da aka bayar. Ya ɗauki kayan kiɗan talakawa ya wasa sarakuna da shi, sa'an nan ya juya ya wasa direba da mai tuwo da wannan kiɗan dai, da wannan muryar, ba tare da ya rage wa na biyun ko mudu ɗaya ba. A ganina wannan shi ne babban abin da ya sauya a waƙar Hausa, ya fi duk lambobin da aka ba shi daga baya.

Ba shi kaɗai ya shirya wannan ba, zamani ne ya buɗe masa ƙofa. Da ya bar Musawa, Bakori ya koma, inda Abdullahi Inde, ɗan sarautar Musawa, yake aikin En'e na sayen auduga da gyaɗa. Inde ya riƙe shi, a Bakori ya yi aurensa na fari, daga nan kuma ya riƙa fita yawon kiɗa zuwa garuruwan kusa da na nesa. Ƙasar Bakori da Funtuwa ƙasar auduga ce. Tun 1929 layin dogo ya taso daga Zariya ya bi ta Funtuwa da Gusau ya tuƙe a Ƙaura Namoda, kuma kowace kaka kuɗi na shigowa hannun mutanen da kakanninsu ba su taɓa riƙe sarauta ba: dillalan auduga, 'yan baranda, malaman awo, masu manyan motoci, 'yan kwangila, akawuna. Waɗannan mutane sun samu abin hannu, suna kuma son a ji sunansu, amma Narambaɗa ba zai yi musu waƙa ba, al'ada ba ta yarda ba. Shata ya zo daidai lokacin da ake neman irinsa.

Ya fara shiga Kano a ƙarshen shekarun 1940. A 1952, zamanin Sarki Abdullahi Bayero, aka yi wani gagarumin biki na 'ya'yan sarautar Kano su goma sha biyu, wanda har yau ake kira Bikin 'Yan Sarki. Makaɗa sun hallara daga ko'ina, kuma masu tarihin Shata sun haɗu a kan cewa daga wannan biki ne tauraronsa ya fito fili. Ba a daɗe ba attajirin nan na Kano, Alhaji Haru Ɗan Ƙasim, ya biya masa kujerar Makka. A 1960, shekarar samun mulkin kai, ya tare a Funtuwa, kuma nan ya zama gidansa kusan shekara arba'in, ko da yake yana da gidaje a Kano da wasu garuruwa. Zaɓen Funtuwa ma abin lura ne. Ba birnin sarki mai sanda ba ne, mararraba ce: hanyar Zariya, hanyar Gusau da Sakkwato, hanyar Katsina, hanyar Birnin Gwari, duka a nan suke haɗuwa. Garin direbobi da 'yan kasuwa da baƙi. Mutumin da ba ya son a ɗaure shi a fada ɗaya ba zai sami mazauni da ya fi wannan dacewa da shi ba.

Wannan ba yana nufin ya guji sarakuna ba. Ya yi wa Sarkin Katsina Usman Nagogo waƙa, ya yi wa Sarkin Kano Ado Bayero, ya yi wa Sarkin Zazzau Shehu Idris, kuma tsakaninsa da Sarkin Daura Muhammadu Bashar akwai amincin da ya wuce na mawaƙi da mai ba shi kyauta. Sai dai a kowace fada baƙo ne mai daraja, ya zo ya yi abin da ya kawo shi ya kama hanya. Idan kuma aka jera sunayen da ya wasa, za a ga sarakunan tsiraru ne a cikin taro. Ga Bawa Direba, ga Ummaru Ɗanɗanduna na Gwandu, ga Garban Bichi, ga Mamman Da, ga Hassan Sarkin Dogarai, ga Hauwa Mai Tuwo, ga Sarkin Bori Sule. Daga baya, da arzikin man fetur ya haifi sababbin attajirai, ga Jarman Kano Muhammadu Adamu Ɗankabo mai jiragen Kabo, ga Alhaji Ahmadu Chanchangi na nan Kaduna. Littattafan tarihin Arewa cike suke da sarakuna da gwamnoni da ministoci. Wanda ke son ya san su wa suka tuƙa motocin da suka yi jigilar gyaɗa, su wa suka ciyar da fasinja a tasha, su wa suka riƙe kasuwannin Kano da Gusau da Jos a shekarun 1960 da 1970, sai ya koma ga faya-fayen Shata. Da yawa daga cikin waɗannan mutane babu inda aka rubuta sunansu, ko jikokinsu ma ta waƙar suka san darajar kakansu.

Yadda yake ƙirƙirar waƙa shi ne abin da ya fi ɗaure wa mutane kai. Makaɗan fada sukan zauna da yaransu a gida su tsara waƙa ɗa bayan ɗa, su maimaita har ta zauna, kafin ranar sallah su kai ta gaban sarki. Shata ba ya haka. A filin wasa yake yanka amshi, ya jefa wa yaransa, su karɓa sau biyu ko uku har kiɗa ya daidaita, shi kuma ya hau zuba ɗiyan waƙa a kai. Amshinsa gajere ne, sau da yawa bai wuce sunan mutum da garinsu ko sunan ubansa ba, shi ya sa yaro ma ke iya kama shi a ji na farko. A kan wannan ɗan gajeren amshi yake ɗora labari: inda ya haɗu da mutumin, hanyar da suka bi, garuruwan da suka ratsa ɗaya bayan ɗaya, abin da aka ba shi, wanda ya yi rowa, wanda ya yi alkawari bai cika ba. Idan wani ya shigo fili ana cikin waƙa, sai ya saƙa sunansa a ciki ba tare da kiɗa ya yi tuntuɓe ba. Saboda haka waƙarsa ɗaya ba ta fitowa iri ɗaya sau biyu. Bakandamiyarsa, wadda a cikinta yake wasa kansa da fasaharsa, tana da siga da yawa, wata gajera wata doguwa, gwargwadon wuri da lokaci da yanayin da ya tashi da shi. Shi da kansa bai san adadin waƙoƙin da ya yi ba, kuma bai taɓa nuna abin ya dame shi ba.

Wannan baiwa ce ta sa jama'a suka riƙa danganta shi da aljanu, ana ba da labarai iri-iri a majalisu. Ni dai ina ganin bayanin da ya fi kusa da hankali shi ne wanda masana suka yi. Dandatti Abdulƙadir, wanda daga baya ya zama shugaban Jami'ar Bayero ta Kano, ya rubuta kundin digirinsa na uku a kan Shata a Jami'ar Indiyana ta Amurka a 1975. Abin da irin wannan nazari ke nunawa shi ne mawaƙin baka yana da rumbun kalmomi da jimloli da suka riga suka dace da ma'aunin kiɗansa, waɗanda ya tara cikin shekaru, yana ɗebo su yana jerawa yayin da hankalinsa ke can gaba yana shirya abin da zai biyo baya. Haka aka samu a wurin mawaƙan baka na wasu ƙasashe. Sanin wannan bai rage wa Shata komai ba. Kowane maɗinki yana da zare da allura, amma ba kowa ke fitar da aska takwas ba.

Sai kuma rediyo, kuma a nan ne labarinsa ya haɗu da na Kaduna. A 1962 gwamnatin Jihar Arewa ta Sardauna ta buɗe gidan rediyo da talabijin nata a Kaduna, wanda sashensa na rediyo ya koma ƙarƙashin Rediyon Tarayya a 1978. Tashar tana da gajeren zango mai ƙarfi, ana kama ta a Nijar da Gana da Kamaru da Chadi. Mawaƙin da a da sai wanda ya je biki ne zai gan shi, yanzu muryarsa na shiga zaure da shago da barikin soja a rana ɗaya. Shirye-shiryen gaishe-gaishe irin su Zaɓi Sonka sun sa mai sauraro da kansa ke aiko da kati yana neman waƙar da yake so, kuma sunan Shata ba ya ɓacewa a cikin katunan. A daidai wannan lokaci ne kudancin kogin Kaduna ke cika da ma'aikata. Masaƙar KTL ta fara aiki a Kakuri a 1957, wasu masaƙun irin su Arewa da UNTL suka biyo baya a shekarun 1960, kamfanin haɗa motocin Peugeot ya buɗe a 1975. Dubban mutane suka taho daga kudancin Zariya da Filato da Binuwai da Borno da Sakkwato, suka zauna a Kakuri da Makera da Nasarawa da Barnawa, kuma harshen da ya haɗa su a bakin injin da gidan haya shi ne Hausa. Hausar Shata kuwa ba ta da wuyar shiga kunne. Ba irin ta makaɗan Sakkwato da Zamfara ba ce mai cike da tsofaffin kalmomin fada da sai an yi wa mutum fashin baƙi. Hausar tasha ce da kasuwa, an dai gyara mata zama. Wanda ya koyi harshen jiya zai fahimci rabinta, ya yi rawa da sauran rabin.

Akwai kuma wata dangantaka da matasan yanzu kan manta. Har zuwa 1987, lokacin da aka ƙirƙiro Jihar Katsina, Musawa da Bakori da Funtuwa duk a ƙarƙashin Kaduna suke, da farko a Jihar Arewa, sannan Jihar Arewa ta Tsakiya daga 1967, sannan Jihar Kaduna daga 1976. Mafi yawan rayuwarsa, Kaduna ce babban birnin jiharsa.

Ba zai yiwu a yi maganar Shata a tsallake zambo ba. Bakin da ke ɗaga mutum shi ne kuma ke kayar da shi, kuma Shata ya iya duka biyun. Gagarabadau na cikin waƙoƙin da har yau ake misali da su idan ana maganar yadda ake yi wa mutum tsirara da kalma. Mutane sun yi imani cewa wanda Shata ya sa wa baki ba ya ƙara yin kwabo, kuma wannan imani kansa makami ne, domin ɗan kasuwa da sunansa yake ciniki. Idan aka wayi gari yara na rera aibinka a kan titi, masu ba ka bashi za su fara ja da baya ko da babu wani asiri a ciki. A nan dole a faɗi gaskiya: wasu kyaututtukan da aka yi masa ba don ƙauna aka yi su ba, don tsoro ne, kuma akwai gidajen da zambonsa ya bar musu tabon da jikoki suka gada ba tare da sun san laifin da aka yi ba. Mai waƙa yana da lasifika, wanda aka yi wa ba shi da ita. Ya kuma yi waƙar da ta wanke mashaya, wadda ta jawo masa suka daga malamai da masu wa'azi, alhali shi ne kuma ya yi waƙar yabon Annabi da ake sawa a gidajen da ba a yarda da kiɗa ba. Masu son su mayar da shi waliyyi da masu son su mayar da shi ɗan iska, kowannensu sai ya toshe kunne ɗaya kafin ya kammala hujjarsa.

Abin da ya rera bai tsaya ga mutane ba. Ya yi waƙar noma, ya yi ta dabbobi, ya yi ta zaburar da 'yan Arewa su tashi su nemi ilimi da sana'a. Lokacin yaƙin basasa, daga 1967 zuwa 1970, ya yi waƙoƙin ƙarfafa gwiwar sojojin tarayya. Da Amurkawa suka sauka a kan wata a watan Yulin 1969, sai ga Shata da waƙar kumbon Apollo 11, a lokacin da dattawa da yawa a ƙasar Hausa ke rantsuwa cewa ƙarya ce, ba wanda ya isa ya taka wata. Ɗan makarantar allo da bai zauna a ajin boko ba ya ɗauki labarin da ya fi kowane girma a kimiyyar zamaninsa ya sa shi a bakin kalangu. Daga baya shi da kansa ya je Amurkan, bayan ya zagaya ƙasashen Afirka ta Yamma inda Hausawan zango ke tarbarsa kamar sarki.

Siyasa ma ya taɓa ta, kuma ba daga gefe ba. A shekarun 1970 ya tsaya zaɓe ya ci kansila a Ƙaramar Hukumar Kankiya. A Jamhuriya ta Biyu ya fara da GNPP ta Waziri Ibrahim, daga baya ya koma NPN mai mulki. A zamanin Janar Babangida, da aka kafa jam'iyyu biyu, aka zaɓe shi shugaban SDP na Ƙaramar Hukumar Funtuwa. Bai kai ƙarshen wa'adinsa ba, aka tsige shi bayan ya sami saɓani da Janar Shehu Musa 'Yar'aduwa, wanda shi ne jigon jam'iyyar a Jihar Katsina. Wanda ya san halin mutumin ba zai yi mamaki ba. Jam'iyya ma fada ce, tana da ubangida, tana son a yi shiru idan babba ya yi magana, shi kuwa tun yana saurayi bai iya wannan zaman ba.

A 1988 Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba shi digirin girmamawa na dakta. Gwamnatin tarayya kuma ta ba shi lambar MON. Ɗan da mahaifinsa ya ji kunyar ya zama maroƙi, ga shi sanye da rigar jami'a a gaban shehunan malamai, kuma tun daga ranar sunan Dakta ya manne masa a bakin talakawa, ba a ɗauke shi a matsayin ado na takarda ba. Makaɗan da suka biyo bayansa sun ci albarkacin wannan rana, domin ta sa iyaye da yawa sun sake duban sana'ar.

Abin da ke damuna shi ne halin da gadon nasa yake ciki. An yi ƙoƙari a rubuce: a 2006 Ibrahim Sheme da abokan aikinsa, Yusuf Tijjani Albasu da Aliyu Ibrahim Ƙanƙara da Ali Malami, suka fitar da littafin tarihinsa mai suna Shata Ikon Allah, a nan Kaduna aka buga shi. Amma waƙa sauti ce, kuma sautin a warwatse yake. Wasu waƙoƙin suna kan faya-fayen garmaho, wasu a kan tsofaffin zaren ɗaukar murya na gidajen rediyo, wasu a kaset ɗin da wani ya ɗauka a gidan biki ya jefa a akwati. Zaren kaset ba ya jure zafi da laima da ƙura, kuma injinan da ke juya shi suna ƙarewa. Waɗanda ya rera a wuraren da ba a kunna rikoda ba sun tafi tare da waɗanda suka halarta. Na taɓa ba wani mai tura waƙoƙi a waya memori ya cika mini da Shata. Da na koma gida na tarar an yanke kan wasu, an sa wa wasu sunan da ba nasu ba, har da waƙar wani mawaƙin daban a ciki, kuma babu ko ɗaya da aka rubuta shekarar da aka yi ta ko garin da aka yi ta. A haka yawancin matasa ke karɓar Shata a yau. Tsofaffin da za su iya cewa wannan a Gusau aka yi ta, wancan mutumin da aka ambata dillalin fata ne a Kano, suna raguwa kowace shekara, kamar yadda masaƙun Kakuri suka riƙa rufewa ɗaya bayan ɗaya, KTL a 2002, UNTL a 2007.

Ƙarshen rayuwarsa ya zo da doguwar jinya. An kwantar da shi a Kano, an kai shi Jidda aka yi masa aiki, ya ɗan sami sauƙi, ciwon ya sake dawowa. Ƙasar na cikin hidimar komawa mulkin farar hula, amma wannan karon ba a ji muryarsa a dandalin siyasa ba. Ya rasu ranar Juma'a 18 ga Yuni, 1999, a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, mako uku bayan rantsar da sabuwar gwamnati, yana da shekara 76. Ya bar mata uku da 'ya'ya 19. Ba a kai shi Musawa inda aka haife shi ba, ba a kuma kai shi Funtuwa inda ya yi kusan shekara arba'in ba. Daura aka nufa da gawarsa kamar yadda ya yi wasiyya, garin amininsa Sarki Muhammadu Bashar, wanda ya halarci jana'izar da kansa. Sarkin ya rayu shekara takwas bayansa, ya rasu a 2007.